Bushiya: Yadda rigakafin shanu ya ceto namun daji

A shekarar 2011 ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da hukumar kula da lafiyar dabbobi ta duniya suka bayyana cewa an kawar da cutar bushiya daga doron ƙasa baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu a tarihi da ɗan Adam ya ga bayanta, bayan cutar agana wadda aka sanar da ƙarewarta a 1980.

A rugagen da ke yankin Gwarzo da Kabo, a yammacin jihar Kano, dattawan makiyaya ba sa buƙatar a yi musu bayanin mece ce bushiya, domin ta yi wa shanun arewacin Najeriya mummunan ta'adi a farkon shekarun 1980. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda yaƙin da aka yi da wannan cuta ya sauya fahimtar masana game da namun daji.

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a wannan fage shi ne Farfesa Anthony Sinclair, masanin dangantakar halittu da muhallinsu, wanda ya shafe sama da shekaru 40 yana bincike a gandun dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya. Bincikensa ya nuna cewa allurar da aka yi wa shanun makiyaya ita ce ta ceto ɗimbin namun daji waɗanda ba a taɓa yi wa ko ɗaya daga cikinsu allura ba.

Annobar da aka kira Sannu

Bushiya cuta ce da ƙwayar bairus ke haddasawa, kuma 'yar uwa ce ta jini ga ƙwayar da ke kawo ƙyanda ga yara. Ba ta kama mutane, sai dai dabbobi masu rababben kofato, kamar shanu da ɓauna da raƙumin dawa da mugun dawa. Dabbar da ta kamu takan fara da zazzaɓi, sai ido da hanci su riƙa zubar da ruwa, baki ya yi gyambo, daga nan sai gudawa mai tsanani. Galibi cikin kwana goma ake rasa ta. Wadda ta tsira kuwa ba ta ƙara kamuwa har ƙarshen rayuwarta.

Masana tarihi sun danganta babbar annobar Afirka da shekarar 1887, lokacin da sojojin Italiya suka sauke shanu masu ɗauke da cutar a tashar jiragen ruwa ta Massawa, a ƙasar Eritiriya ta yanzu. Cikin shekaru goma ta kai gaɓar tekun Atlantika ta yamma, ta kuma gangara har Afirka ta Kudu. An ƙiyasta cewa a wurare da dama ta kashe saniya tara cikin kowace goma.

Ta iso ƙasar Hausa da maƙwabtanta ne wajen 1890 zuwa 1891. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Monteil, wanda ya ratsa Dori da Sakkwato da Kano a 1891, ya rubuta labarin irin ɓarnar da ta yi wa Fulani. Jama'a sun laƙaba wa annobar suna Sannu, saboda kalmar jajen da ake ta yi wa waɗanda suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Wata kuma da ta biyo baya a 1913 zuwa 1914 an kira ta Gamagari.

Gwamnatin mulkin mallaka, wadda ke samun kuɗin shiga mai yawa daga jangali, ba ta iya zuba ido ba. Wannan ne ya sa aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924, kuma aikinsa na farko shi ne samar da maganin kare shanu daga bushiya.

A wancan zamani jami'ai da yawa sun yi imanin cewa namun daji ne matattarar cututtukan dabbobi, daga gare su ne shanu ke ɗauka. Bisa wannan fahimta an kafa shingaye a wasu sassan gabashi da kudancin Afirka, an kuma harbe namun daji masu ɗimbin yawa da sunan kare shanu.

Daga Vom zuwa taron Kano

Wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, wanda ya yi aiki a Vom na 'yan shekaru a cikin shekarun 1950, ya koma cibiyar bincike ta Muguga a ƙasar Kenya a 1956. A can ne ya yi ta renon ƙwayar cutar a cikin kwalabe, zubi bayan zubi, har ta yi raunin da ba ta iya sa saniya ciwo, amma tana iya koya wa jikinta yadda zai kare kansa. Allura ɗaya tak ta isa ta kare saniya tsawon rayuwarta, ga kuma araha. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta abinci ta duniya a 1999.

A birnin Kano ne aka yi taron da ya share fagen yaƙin haɗin gwiwa na farko, a shekarar 1961. An fara shirin, wanda aka fi sani da JP15, a 1962 a ƙasashe huɗu da ke kewaye da tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Kafin a rufe shi a 1976 ya game ƙasashe 22, an kuma yi wa shanu kimanin miliyan 70 allura.

A gabashin Afirka kuwa, tun a shekarun 1950 aka dage da yi wa shanun da ke kewaye da Serengeti rigakafi. Manufar ita ce kare dukiyar makiyaya, babu wanda ya shirya shi a matsayin aikin kare namun daji.

Ɗalibin da aka ba aikin ƙidayar ɓauna

An haifi Sinclair a 1944, ya kuma yi ƙuruciyarsa a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau. Ya fara zuwa Serengeti a 1965 yana ɗalibin jami'ar Oxford, don taimaka wa wani malami nazarin tsuntsaye masu ƙaura. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 14,750, kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin jihar Kano.

Hukumomin gandun na da wata tambaya da ta dame su a lokacin. Ƙidayar da ake yi daga jirgin sama ta nuna cewa ɓauna na ƙaruwa kowace shekara, haka ma wata dabba da ake kira nyumbu da harshen Suwahili, 'yar uwar kanki ce, mai gemu da ƙaho irin na saniya, wadda ke ƙaura garke-garke tana bin ruwan sama. Ba wanda ya san dalili. A 1966 aka ɗora wa Sinclair aikin gano amsar, ya kuma fara da ɓauna.

Aiki ne na haƙuri. Yakan ɗauki hotunan garkuna daga sama, sannan ya zauna ya ƙirga dabbobin ɗaya bayan ɗaya. Yakan bi mushe a daji ya tattara ƙoƙon kai, ya gane shekarun dabba daga haƙoranta. Yakan kuma fasa ƙashi ya duba ɓargo, domin ɓargon dabbar da yunwa ta kashe ba ya da kitse, na wadda zaki ya kama tana da ƙoshi kuwa cike yake da shi.

Amsar dai ta fito ne daga jini. Dabbar da ta taɓa kamuwa da bushiya ta warke, alamar garkuwar cutar na zama a jininta. Plowright da abokan aikinsa sun riga sun auna jinin nyumbu, sai aka auna na ɓauna da Sinclair ya tattara. Da aka jera sakamakon bisa shekarar haihuwa, sai aka ga manyan dabbobi na ɗauke da alamar, amma nyumbun da aka haifa bayan 1962 babu ita a jininsu, haka ma ɓaunar da aka haifa bayan 1963.

Kafin wannan lokaci ana yi wa bushiya laƙabi da ciwon 'yan shekara guda a Serengeti. Ɗan maraƙi kan sami kariya daga dakashin uwarsa na wasu watanni, idan kariyar ta ƙare sai cutar ta kama shi, ta haka take cinye kaso mai yawa na abin da aka haifa kowace shekara. Da cutar ta ɓace, sai 'ya'yan suka riƙa rayuwa suna hayayyafa.

Akwai wata hujja kuma da ta ƙarfafa wannan bayani. Jakin dawa, wanda ke kiwo wuri ɗaya da nyumbu amma bushiya ba ta kama shi, yawansa bai sauya sosai ba, ya tsaya a wajen 200,000. Da ruwan sama ne ko yalwar ciyawa suka kawo ƙaruwar, da shi ma ya ƙaru.

Ma'anar wannan ita ce, shanu ne ke riƙe da cutar suna zuba ta cikin daji shekara bayan shekara. Da aka toshe ta a cikin shanu, namun dajin ba su iya riƙe ta su kaɗai ba, sai ta mutu.

Abin da ya biyo baya a daji

A 1961 nyumbun Serengeti kimanin 250,000 ne. Zuwa 1977 sun kai wajen miliyan 1.4. Ɓauna ma ta tashi daga kimanin 30,000 zuwa fiye da ninki biyu.

Wannan ƙaruwa ta tayar da hankalin wasu masu kula da gandun daji, waɗanda suka ji tsoron dabbobin za su cinye ciyawa su mayar da wurin fako. An ba da shawarar a rage su da bindiga. Sinclair da abokan aikinsa suka nemi a dakata, bisa hujjar cewa abin da ake gani komawa ce ga yawan da dabbobin ke da shi kafin annobar ƙarni na 19, kuma ƙarancin abinci lokacin rani zai tsayar da su da kansa.

Haka kuwa aka yi. Daga ƙarshen shekarun 1970 adadin ya daidaita a wajen miliyan 1.3. Farin 1993 ya rage su zuwa ƙasa da miliyan ɗaya, daga baya suka farfaɗo. Wani ɗalibin Sinclair ɗan Tanzaniya, Simon Mduma, ya tabbatar a binciken da aka wallafa a 1999 cewa abincin rani ne ke iyakance yawansu, fiye da zakoki da kuraye.

Sauyin bai tsaya kan dabbobin ba. Da yake nyumbu sun riƙa cinye ciyawa kafin ta bushe, sai abin da gobarar daji za ta ci ya ragu, filin da ke ƙonewa kowace shekara ya ja baya. Ƙananan itatuwa da wuta ke kashewa a da suka sami damar girma. Sinclair ya riƙa komawa wurare ƙayyadaddu yana ɗaukar hoto daga kusurwa guda tsawon shekaru, hotunan kuma sun nuna yadda fili ya koma kurmin ƙaya. Zakoki da kuraye ma sun ƙaru saboda yalwar abin farauta. Wani bincike da Ricardo Holdo ya jagoranta, tare da Sinclair da Andrew Dobson, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna cewa dajin ya koma mai adana iskar kabon a cikin itatuwa da ƙasa.

Sinclair ya wallafa littafi kan ɓaunar Afirka a 1977, ya kuma koyar a jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada daga tsakiyar shekarun 1970, amma bai daina komawa Serengeti ba. Ya shaida lokacin da aka rufe iyakar Tanzaniya da Kenya a 1977, kuɗin yawon buɗe ido suka ƙafe, mafarauta suka kusa ƙarar da karkanda, suka kuma rage ɓauna ƙwarai a arewacin gandun. Wannan ya nuna cewa kawar da cuta kaɗai bai isa ba idan babu tsaro da kuɗin gudanarwa.

Sakaci da komowar annoba

Yayin da Serengeti ke farfaɗowa, a yammacin Afirka an saki jiki. Bayan kammala shirin JP15, ƙasashe da dama ba su ci gaba da yi wa maruƙan da ake haifa allura ba, ga shi kuma cutar ta maƙale a wasu lunguna, musamman kan iyakar Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan.

A farkon shekarun 1980 ta sake ɓarkewa, ta shigo Najeriya ta arewa maso yamma, sannan a 1983 ta ɓangaren Borno. Dubban ɗaruruwan shanu suka mutu, hukumar FAO kuma ta ƙiyasta asarar Najeriya a kan dala biliyan 2. Cutar ta faɗa gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi, inda ta kashe ɓauna da mugun dawa. Wato abin da aka gani a Serengeti ya maimaita kansa ta fuskar da ba a so: da kariyar shanu ta yi rauni, namun daji suka biya kuɗin.

Wannan ne ya sa aka ƙaddamar da sabon yaƙi na nahiyar Afirka a 1986. An kuma samar da nau'in allurar da ke jure zafi na makonni ba tare da firji ba, wanda wani likitan dabbobi ɗan Amurka, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa suka gwada a Jamhuriyar Nijar. Ta haka aka kai rigakafi ga makiyayan da ke nesa da hanyar mota, aka kuma horar da wasu daga cikinsu su yi allurar da kansu.

A matakin ƙarshe namun daji sun zama ma'auni. Tunda ba a yi musu allura, duk ɓaunar da aka samu da alamar cutar a jini shaida ce cewa bushiya ta ratsa yankin. Kamuwa ta ƙarshe da aka tabbatar a duniya an same ta ne a jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya a 2001.

Ba kowace cuta ke bin hanya ɗaya ba

Masana dai na gargaɗin kada a ɗauka duk cututtuka haka suke. Ɓaunar Afirka na riƙe da wasu nau'o'in cutar boru, wato ciwon baki da kofato, ba tare da ta nuna alama ba. 'Ya'yan nyumbu na ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke kashe shanu, wadda shi ma Plowright ne ya gano ta a 1960. Cutar sammore kuwa, ƙudan tsando ne ke kai ta tsakanin namun daji da shanu.

Sai dai an sake ganin irin salon bushiya a 1994, lokacin da wata cutar karnuka, ita ma daga dangin ƙyanda, ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakokin Serengeti. Bincike ya danganta ta da karnukan ƙauyukan da ke kewaye, aka kuma fara yi musu rigakafi, har da na ciwon haukan kare, abin da ya amfani mutanen ƙauyukan su ma.

Darasin da aka ɗauka shi ne, sai an auna an gano inda cuta ke zaune da inda take bi, kafin a ɗora laifi ko a ɗauki bindiga. Kuma irin wannan sani ba ya samuwa sai da ƙidaya ta shekaru masu yawa.

Ina ya shafi Gwarzo da Kabo?

A yammacin Kano babu ɓauna ko raƙumin dawa a yau. Ƙasa ce ta noma da kiwo mai cike da jama'a. To amma dabbobinta ba a wuri guda suke zaune ba. Shanu da awaki na haɗuwa a kasuwanni irin ta Getso, suna shan ruwa a madatsar Challawa da ke Ƙaraye, suna ƙetarawa jihar Katsina, wasu kuma na tafiya kiwon rani zuwa kudu ko su fito daga Nijar.

Hanyoyin nan na kaiwa ga sauran wuraren da namun daji suka rage. Akwai dajin Falgore a kudancin jihar Kano, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin jerin sababbin gandayen daji goma na ƙasa a 2020. Akwai kuma raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, suka kuma haura 600 daga baya, suna rayuwa a tsakanin gonaki da garkunan shanu. A 2018 an kai takwas daga cikinsu gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Ga dabbobin da yawansu bai wuce haka ba, annoba guda na iya gamawa da su.

Cutar da aka sa a gaba yanzu ita ce PPR, ƙanwar bushiya mai kama awaki da tumaki, wadda aka fara bayyana ta a ƙasar Kwaddebuwa a 1942. Alamominta sun yi kama da na yayarta: zazzaɓi, majina, gyambon baki da gudawa, sau da yawa har da ciwon huhu. Tana cin dukiyar masu ƙaramin ƙarfi, musamman mata, waɗanda akuya da tunkiya ne asusunsu na biki da rashin lafiya da kuɗin makaranta. Tana kuma tsallakawa daji. A 2016 zuwa 2017 ta tashi daga dabbobin gida ta kashe dubban wata irin barewa da ake kira saiga a ƙasar Mongoliya.

A taron Abidjan na 2015 ƙasashen duniya suka amince da shirin kawar da ita nan da 2030. Allurar da aka fi amfani da ita an samo ta ne daga ƙwayar da aka ware a Najeriya a 1975. Saboda haka magani na nan.

Matsalar ita ce awaki da tumaki sun fi shanu yawa, suna saurin haihuwa, ana kuma sayar da su ko yanka su cikin ɗan lokaci, musamman a lokacin layya. Cikin shekaru kaɗan garke kan cika da sababbin dabbobin da ba su da kariya. Idan ba a kai ga mafi yawansu ba, kuma ba a maimaita ba har cutar ta rasa wurin zama, to abin da ya faru bayan 1976 na iya sake faruwa.

Masana lafiyar dabbobi na ganin nasarar za ta dogara ne ga abubuwan da suka yi aiki a kan bushiya: isar da allura mai inganci har ruga da cikin gida, kai rahoton mace-macen dabbobi da wuri, da kuma amincewa tsakanin makiyaya da malaman dabbobi, ta yadda mai garke ba zai ɓoye dabbobinsa don tsoron haraji ba.